Wata huɗu ina gyaran fuska da reza mai baki biyu

Na daɗe ina zargin fatata. Duk ranar da na yi gyaran fuska, kafin kwana biyu ƙasan haɓata ya cika da ƙuraje, wuyan riga ma ba na son ya taɓa wurin. Na sauya sabulu, na sauya man shafawa, shiru. Ashe rowa ce ke cina. Rezar roba guda nakan yi wata ina fama da ita, sai na ga tsatsa sannan in yar.

Wani tsohon wanzami a unguwarmu ne ya fara ankarar da ni. Ya shafa haɓata da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba aski kake yi ba, figa kake yi." Shi kafin ya ɗora aska a kan kowa sai ya wasa ta, ni kuwa ban taɓa tunanin tawa tana dakushewa ba.

Daga nan na sayi mariƙin ƙarfe irin na iyayenmu, wanda ake murɗewa a sa reza a tsakiya, da kwalin reza mai baki biyu ta Dorco, wani kamfanin Koriya ta Kudu. Yau wata huɗu ke nan, ina aski sau biyu a mako.

Askin farko da sabuwar reza, ba ka jin komai sai ɗan sautin kar-kar, kumfa na tafiya da gashi. Amma a ranar ne na fi yanke kaina, domin hannuna ya saba da dannawa. Na biyu ya fi kowanne daɗi. A na uku saje yana fita lafiya, sai dai gashin baki ya fara gardama. Na huɗu kuwa, in na yi taurin kai, nan ake yin ta: rezar ta kama gashi ta ja kafin ta yanke, in bi wuri ɗaya sau uku, in na zuba ruwa fuska ta ɗauki raɗaɗi kamar an shafa barkono. Washegari ƙurajen sun dawo. Gashin irin namu murɗaɗɗe ne, in aka finciko shi aka yanke a karkace, sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda gashi ke cin ƙarfe. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa sakamakonsu a mujallar Science. Sun nuna cewa gashi ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, amma idan ya lanƙwasa yayin yanka, yakan ɓantare bakin rezar ƙanana-ƙanana. Wato ba sulɓi bakin yake yi ba, giɓi yake yi, wanda ido ba ya gani amma fata tana ji.

Dabara biyu suka ƙara mini kwanan reza. Ina jiƙa gemu da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, musamman da hunturu lokacin da gashi ke bushewa ƙamas. Sannan na daina barin ta a jiƙe a banɗaki, ina kakkaɓe ta in ajiye a ɗaki.

Inda ba ta burge ni ba, ba ta son gaggawa. Safiyar da na makara zuwa aiki ba na ko kallonta. Zubar da tsofaffin ma aiki ne a gidan da ke da yara, don haka na huda murfin gwangwanin madara ina jefa su ciki. Yanzu a jikin kwalin nake ja layi da biro bayan kowane aski, layi na uku na cika sai gwangwani.