HSA ko FSA, wanne ya fi wa mai iyali a Amurka?

Dukkansu biyun dai asusun ajiyar kuɗin kula da lafiya ne, daga albashi ake cire kuɗin kafin a yanki haraji, sai a baka kati ka riƙa biyan likita, magani, tabarau ko gyaran haƙoran yara.

FSA ta wurin aiki ce, a 2025 iyakarta dala 3,300, daɗinta tun farkon shekara duka kuɗin na hannunka ko ba a gama cirewa ba. Amma fa in shekara ta ƙare baka kashe ba sun tafi kenan, sai in kamfaninku ya ƙara maka wa'adi ko ya yarda ka tsallaka sabuwar shekara da wani abu (har dala 660 a 2025), shi ya sa a Disamba zaka ga mutane na ta kwasar filasta da ma'aunin zafin jiki a kemis kamar rabo ake.

HSA kuwa taka ce, ko ka bar aikin tana binka, a 2025 iyakar iyali dala 8,550, ragowar ma sai ka juya a hannun jari. Sharaɗin ne da ɗaci, dole inshorarka ta zama irin wadda sai ka fara zubar da dubbai daga aljihunka kafin ta sa hannu. Ni da ke da yaro mai asma, kullum muna hanyar asibiti, FSA na ɗauka wallahi.