Bututun IPv6 na Hurricane Electric a kan Linux ɗin da na haɗa da kaina

Uwar garkena tana gudana ne a kan Linux da na harhaɗa tun daga tushe, bisa tsarin Linux From Scratch, don haka babu abin da ke ciki sai wanda na zaɓa da hannuna. Kamfanin da ke ba ni intanet IPv4 kaɗai yake bayarwa, wato tsohuwar yarjejeniyar adireshin intanet, ba ya ba da sabuwar, IPv6. Shi ya sa na nemi bututun kyauta na kamfanin sadarwar intanet Hurricane Electric, bututun da ke ɗauko fakitin IPv6 a cikin na IPv4 har ya iso gare ka.

Rajista ba ta da wahala. Sharaɗin da suka gindaya shi ne adireshinka na IPv4 ya zama na fili, kuma ya amsa ping, wato saƙon gwajin ko na'ura tana kan layi. Wanda kamfaninsa ya cusa shi bayan adireshi ɗaya tare da ɗimbin abokan ciniki, wato CGNAT, kada ma ya ɓata lokacinsa, domin bututun yana bin yarjejeniya mai lamba 41, ita kuwa ba ta ratsa irin wannan shinge. Da an kammala sai su ba ka /64, wato babban rukunin adireshin IPv6, kana kuma iya neman /48 da ya fi shi girma, duk ba tare da biyan komai ba. Idan aka tuna cewa IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma IANA, hukumar rabon adireshin intanet ta duniya, ta raba na ƙarshe a hannunta tun Fabrairun 2011, wannan kyauta ce babba.

A ɓangaren kanel, wato zuciyar Linux, sai da na kunna CONFIG_IPV6 da CONFIG_IPV6_SIT, na sake harhaɗawa. Umarnin iproute2, kayan saita sadarwa na Linux, da shafin Hurricane Electric ya bayar ya yi aiki yadda yake, ban sauya komai ba sai adireshina.

Inda nake son mai karatu ya natsu shi ne katangar tsaro. Dokokin iptables, manhajar katangar tsaro ta Linux, ba su da iko a kan IPv6 ko kaɗan. Daga lokacin da bututun ya tashi, duk wata manhaja da ke sauraro a [::], wato a kan duk adireshin IPv6 na na'urar, ta fito fili, kuma babu NAT, wato ɓoye na'urori bayan adireshi ɗaya, da zai rufa mata asiri. Don haka kafin na ɗaga bututun na mayar da dokokina zuwa nftables, magajin iptables, a teburin inet da ke kula da tsohuwar yarjejeniya da sabuwar a wuri ɗaya. Amma kada tsoro ya sa ka toshe ICMPv6, wato saƙonnin sanarwa na IPv6, baki ɗaya. Da shi na'urori ke gane maƙwabtansu, da shi kuma ake sanar da mai aikawa cewa fakiti ya yi girma. A IPv6 na'urorin kan hanya ba sa rarraba fakiti, shi kuma bututun yana cin bayit 20, MTU, wato iyakar girman fakiti, ya sauko bayit 1480. Toshe saƙon nan, sai shafi ya fara buɗewa ya tsaya cak, kana neman dalili ba ka gani. Na so a ce shafin saitin ya ja kunne kan wannan da manyan baƙaƙe.

Jinkiri yana ƙaruwa kaɗan, gwargwadon nisanka da tashar da ka zaɓa, saboda haka zaɓi mafi kusa. Bayan na ƙara bayanin AAAA a DNS, wanda ke haɗa sunan shafina da adireshin IPv6, na gyara layin listen a nginx, manhajar da ke miƙa shafin, baƙi suka fara shigowa ta IPv6.

Ga mai koyo ko mai ƙaramar uwar garke, na yaba da shi ƙwarai. Mai zirga-zirga mai nauyi kuwa gara ya nemi kamfanin da ke ba da IPv6 kai tsaye.