Injin kwamin ninƙaya: mai gudu ɗaya ko mai giya?

Alhaji, kan tambayarka ta awa nawa za a riƙa kunna injin kwamin ninƙaya a rana, da wane injin tura ruwa ya fi tsakanin mai gudu ɗaya da wanda ake rage wa gudu, wato mai giya: ɗauki mai giya, ka bar shi yana aiki a hankali awa 12 zuwa 14, mafi yawansu da rana.

Ga lissafin. Abin da ake so shi ne duk ruwan kwamin ya ratsa matatar ruwa aƙalla sau ɗaya kullum. Kwami mai tsawon mita 8, faɗi 4, zurfi ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. In injinka na tura lita 10,000 a awa, kusan awa 5 ke nan zagaye ɗaya. Shi ya sa za ka ji masu gyara suna cewa awa 8, don a samu rara. To amma Abuja ba ta tafiya da lissafi ɗaya duk shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ka tashi da safe ka tarar ta kwanta a ƙasan ruwa. Maris da Afrilu rana ke cinye kulorin, maganin tsaftace ruwa, tun kafin la'asar. Damina kuwa ruwan sama ya tsinka maganin, kwana biyu ka ga gansakuka ta fara kore bango. A waɗannan lokutan ƙara awoyi ake yi, ba ragewa ba.

Nan ne mai giya ya yi zarra. In ka rage gudunsa zuwa rabi, ruwan da yake turawa ya ragu da rabi, amma wutar da yake sha takan sauko kusan kashi ɗaya cikin takwas. Nawa a Gwarimpa yake, a kan sola, kuma ba ya fizgar inbata in zai tashi. Ƙaramar Sallar da ta faɗo cikin zafi 'ya'yan ƙanwata suka zo daga Kano, suka wuni suna tsalle a ruwa, ga man shafawa ga ganyen darbejiya. Na ƙara masa gudu awa biyu da yamma, na mayar da shi ƙasa. Washegari ana ƙirga layin tayil daga bakin kwami. Surukina yana zaune a kan tabarma dab da ɗakin injin, sai da ya ce min, “Malam, injin nan naka ya lalace ne?” Wallahi aiki yake, ba ya jin sa ne kawai.

Mai gudu ɗaya kuwa, na yi amfani da shi. Yana da arha, kowane mai gyara ya san cikinsa, iyakar yabonsa ke nan. Mai ƙarfin doki ɗaya (da doki ake auna ƙarfin inji) kan sha kusan yunit ɗaya a awa, awa 8 yunit 8, kuma tun Afrilun 2024 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, sun haura naira 200 a kowane yunit. Kusan naira 50,000 ke nan a wata, ban da ƙarar da yake yi.

Gaskiya mai giya yana da tsada, kuma allon lantarkinsa ba ya son wutar da ke hawa tana sauka, don haka ka haɗa masa abin kare wuta tun ranar farko. Ranar wankin matatar ruwa da sharar ƙasan kwami ma sai ka kai shi ƙarshen gudunsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu ɗaukar tsohon inji da aka sake wa naɗi, su fesa masa fenti, su manna takardar doki ɗaya da rabi. Wasu wayar alminiyam ce a ciki, su ce maka jan ƙarfe. Ka duba farantin jikin injin, ba kwali ba, ka ga lita nawa yake turawa a awa. Ka tafi da mai wutarka ya auna abin da yake ja a gabanka, a rubuta maka garanti a rasit. Wanda ya ce ka ɗauki doki biyu “don ruwa ya fi haske”, ka bar masa kayansa, matatarka ba za ta ɗauka ba.

Ka turo tsawo da faɗi da zurfin kwaminka, in fitar maka da awoyin da za ka sa a taima, agogon da ke kunna injin ya kashe.