XF-92A da Avro 707: wane ya riga, kuma me ya bambanta su

Ɗan'uwanmu ya tambaya wane ne ya riga tashi tsakanin Convair XF-92A na Amurka da Avro 707 na Ingila, tunda duka biyun jiragen sama ne na gwaji masu fiffike mai kusurwa uku, wato delta. Na Amurka ne ya riga, ranar 18 ga Satumba 1948 a Muroc, jihar Kalifoniya. Avro 707 bai tashi ba sai 4 ga Satumba 1949 a Boscombe Down, Ingila. Amma kamar a ido kawai take, don ba abu ɗaya ake nema da su ba.

Convair jirgin tare maharan sama take son ƙerawa, mai tsananin gudu. Shi ya sa ta karkatar da gaban fiffiken baya har digiri 60, ta sa mashigar iska a hanci, da injin Allison J33 guda ɗaya. Jirgi ɗaya tak aka yi. Babu ƙaramin fiffiken wutsiya, don haka faifan da ke gefen baya na fiffiken su ke ɗaga hanci, su kuma ke karkata jirgin. A nan matsalar take: idan matuƙi ya yi kwana mai tsauri cikin gudu, iska kan fara suɓucewa daga ƙarshen fiffike, ƙarfin ɗagawa ya koma gaba, sai hanci ya zabura sama ba da izininsa ba. Matuƙin gwaji Scott Crossfield ya sha fama da wannan a gwajin 1953. A watan Oktoba na shekarar ƙafar gaba ta karye, jirgin bai sake tashi ba. Inji bai ishe shi wuce saurin sauti a miƙe ba, sai in ya tsunduma ƙasa.

Avro kuwa babban jirgin bama-bamai take shiryawa, Vulcan, sai ta yi 707 kusan kashi ɗaya bisa uku na girmansa, da injin Rolls-Royce Derwent, don a ga yadda irin wannan fiffike zai yi tun kafin a kashe kuɗi a kan babban. Biyar aka ƙera. Na farko ya faɗi ranar 30 ga Satumba 1949, matuƙinsa Eric Esler ya rasu. Wannan jirgi na farko da na biyu, wato 707B, mashigar iskarsu a gadon baya take, bayan rumfar matuƙi, kuma rumfar kan dagula iskar kafin ta kai inji idan gudu ya ƙaru. Saboda haka a samfurin da ya biyo baya, 707A, aka mayar da mashigar gindin fiffike, kamar yadda take a Vulcan.

A ganina XF-92A ya fi yin tasiri, daga gare shi jiragen yaƙin Convair F-102 da F-106 suka fito. 707 ya ɗan makara, domin aikin Vulcan ya riga ya yi nisa, ya kuma tashi a Agustan 1952. Duk da haka a kan 707A aka gwada lanƙwasa gaban fiffike don rage girgizar da Vulcan ke yi a can sama.