Idon dattawa ko gwajin fitsari: wa ke kama maguɗi a sukuwa?

A bakin filin sukuwa a Zariya, da zarar dokin da kowa ya raina ya tsinke ya bar sauran cikin ƙura, sai ka ji ana raɗa: "Allura ce." Hanya biyu ake bi a gane gaskiya.

Tamu ta gida ita ce idon dattawa. Tsohon masanin doki zai ɗaga leɓen ingarma ya duba haƙora ya faɗa maka shekarunsa, ko da mai shi ya rantse. Ya san mahayin da ke danne linzami a kwana don an cika masa aljihu; kafaɗarsa kawai yake kallo, bulala na tashi amma ba ta sauka. Wannan babu na'urar da ke gani. Sai dai dattijo mutum ne, yana jin nauyi. In dokin wani babba ne, sai ya yi gyaran murya ya kau da kai.

Ingila kuwa fitsari da jini suke ɗiba bayan tsere, kuma an hana mahaya yin caca a kan sukuwa. Gwaji ba ya jin kunyar rawani: a 2013 an dakatar da Mahmood Al Zarooni, mai horar da dawakin Sarkin Dubai, shekara 8 saboda bai wa dawakin maganin ƙara ƙarfi.

Ni dai gwajin na fi so, sai dai matsalar kuɗi ce. Mai dokin da dusa da harawa suka gama tatse shi, wa zai ce masa ya biya kuɗin ɗakin gwaji?