Ma'aikatar Harkokin Waje ko Lauya Mai Zaman Kansa?

Ɗaliban shari'a na Jami'ar Ngaundere da ke Kamaru sukan yawaita tambayar wanne ya fi: ba ma'aikatar harkokin waje shawara kan doka, ko zama lauya mai zaman kansa a Garwa.

Babban mai ba ma'aikatar shawara shi ke tantance yarjejeniyoyi kafin gwamnati ta sa hannu, kuma idan rikicin iyaka ya kai Kotun Duniya, kamar na Bakasi tsakanin Kamaru da Najeriya da aka yanke hukuncinsa a 2002, ofishinsa na cikin masu tattara hujjoji. Sai dai hanyar doguwa ce, domin galibi sai an bi ta makarantar koyon hulɗar ƙasa da ƙasa ta IRIC da ke Yawunde, sannan a jira ƙarin girma shekara da shekaru. Albashin tabbatacce ne, amma minista na iya watsi da shawararsa, kuma a ganina wannan ne babban ƙuncin aikin.

Lauya kuwa yakan fara da horo a ofishin wani babba, samunsa ya dogara ga masu kawo ƙara.

Na farko ya dace da mai haƙuri da zai iya zama nesa da gida, na biyu kuma da mai son cin gashin kansa kusa da dangi.