Asusun katakon da ya saya mini keken ɗinki

Shekara uku ina cewa zan sayi keken ɗinki, amma kuɗi ba sa kwana a hannuna. Na gwada ajiya a banki, sai ga waya a hannu: yau katin kira, gobe anko, jibi gudummawar biki.

Ƙanwar mahaifiyata ce ta sa na sayi asusun katako a Kasuwar Kurmi. Ba kwaɗo, ba murfi, ƙusa ce ta kama shi ko'ina, sai 'yar tsaga da naira 500 ke shiga idan an ninke ta. Abin da ya fi burge ni ke nan, domin sai an nemo guduma kafin a taɓa ko sisi. Sau biyu na ɗauko gudumar, kunya ta sa na mayar.

Kullum bayan sallar isha'i nake sakawa, ko da naira 100 ce. Nauyinsa ba ya ƙaruwa sosai, don haka na riƙa rubuta lissafi a bayan kalanda.

Aibinsa ɗaya: damina ta sa wasu takardun sun yi fumfuna, don a ƙasa na ajiye shi. Ku ɗora naku bisa kabad.

Keken yana tsakar ɗakina yanzu, na kuma sayo asusu na biyu saboda injin surfani.